Jami'a da Mutanen Bayan Katanga: Tambayoyi da Amsoshi kan Haɗin Gwiwa a Bincike da Koyarwa

An daɗe ana cewa ayyukan jami'a uku ne: koyarwa, bincike, da hidima ga al'umma. Na ukun ne aka fi bari a baya idan an zo rabon kuɗi da lokaci, shi ne kuma mutanen da ke zaune bayan katangar jami'a suka fi jin rashinsa a jikinsu. Ga tambayoyin da malamai da ɗalibai da shugabannin ƙungiyoyi suka fi yi a kan wannan batu.

Me ake nufi da haɗin gwiwar jami'a da al'umma?

Aiki ne da malaman jami'a da ɗalibansu ke yi tare da mutanen da wata matsala ta shafa, tun daga zaɓen abin da za a bincika har zuwa amfani da sakamako. Kalmar al'umma a nan tana da faɗi. Tana iya zama mazauna wata unguwa, ko ƙungiyar manoma, ko masu fama da wata cuta, ko iyayen yara a wata makaranta, ko ma'aikatan wata masana'anta.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko haɗin gwiwar na gaske ne ita ce a tambayi abu uku. Wa ya kawo tambayar da ake bincike a kanta? Wa ke riƙe da kuɗi da bayanai? Wa ke da ikon cewa a dakata? Idan amsar duka ukun "jami'a" ce, to bincike ne aka yi a kan mutane, ko da an rubuta sunan ƙungiyarsu a saman takarda.

Wannan ba aikin taimako ba ne da aka canza wa suna?

Taimako abu ne mai kyau, ba mai raina shi. Ɗaliban likitanci da suka fita wuni guda suka auna hawan jinin jama'a kyauta sun yi alheri. Sai dai a irin wannan, ɓangare ɗaya ne ke bayarwa, ɗayan yana karɓa, kuma da yamma kowa ya kama gabansa. A haɗin gwiwa jami'a ma tana zuwa ne da buƙata: akwai abin da ba ta sani ba wanda sai a wajen mutanen nan za ta same shi.

A 1969 wata Ba'amurkiya mai nazarin tsare-tsaren birane, Sherry Arnstein, ta kasa shigar jama'a cikin al'amuran da suka shafe su zuwa matakai takwas, kamar tsani. A ƙasa akwai juya mutane yadda ake so. A tsakiya akwai sanar da su da jin ra'ayinsu ba tare da alkawarin aiki da shi ba. A sama akwai raba iko. Ayyukan jami'o'i da yawa suna tsayawa ne a tsakiyar tsanin, a kira taro, a raba takardun tambayoyi, a tafi. Har yau wannan ma'auni yana da amfani ga duk mai son auna aikinsa da gaskiya.

Daga ina abin ya samo asali?

Tushensa ba ɗaya ba ne. A Amurka, dokar Morrill ta 1862 ta ba jihohi filaye don kafa kwalejojin noma da fasaha ga 'ya'yan talakawa, sannan dokar Smith-Lever ta 1914 ta ɗora wa waɗannan makarantu aikin kai ilimin gona har gonakin mutane. Bai kamata a manta ba cewa filayen da aka raba ɗin, mafi yawansu daga hannun 'yan asalin ƙasar aka ƙwace su. A Ingila, an buɗe Toynbee Hall a 1884, inda matasan da suka fito daga Oxford da Cambridge ke zama a wata unguwar talakawa ta gabashin Landan suna koyarwa suna koyo. A Ajantina kuma ɗalibai ne da kansu suka tayar da ƙayar baya a Jami'ar Cordoba a 1918, kuma cikin buƙatunsu har da cewa jami'a ta fita ta yi wa jama'a aiki. Tasirin wannan yunƙuri ya bazu a Latin Amurka baki ɗaya.

Ra'ayin da ya fi zurfi, wato cewa talaka ma mai bincike ne, ya fi ƙarfi daga ƙasashe masu tasowa a shekarun 1960 da 1970. Paulo Freire a Brazil ya koyar da manya karatu ta hanyar tattauna rayuwarsu. Orlando Fals Borda a Kolombiya ya yi bincike tare da manoma masu fafutukar neman ƙasar noma. Budd Hall ya yi irin wannan a Tanzaniya zamanin Nyerere, Rajesh Tandon kuma ya kafa cibiyar PRIA, mai bincike tare da al'umma, a Indiya a 1982. Su biyun na ƙarshe ne hukumar UNESCO ta ba jagorancin kujerarta ta binciken da ake yi tare da al'umma a 2012.

Me wanda bai yi karatu mai zurfi ba zai ƙara wa farfesa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Farfesa ya san yadda ake auna abu, da yadda ake raba abin da ya faru bisa dalili da wanda ya faru bisa katari. Mazaunin wuri kuma ya san lokacin da matsalar ta fara, da gidan da ta fi kamawa, da maganin da aka riga aka gwada bai yi ba, da tambayar da idan baƙo ya yi ta ba za a ba shi amsar gaskiya ba.

Abin da ya faru a garin Flint na jihar Michigan a Amurka misali ne da ya cancanci a tsaya a kansa. A watan Afrilu na 2014 hukumomi suka sauya wa garin tushen ruwan sha zuwa kogin Flint, ba tare da zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Mazauna suka yi ta ƙorafin launin ruwan da warinsa da ƙurajen da ke fito wa yara, ana ce musu ruwan lafiya lau yake. Wata uwa, LeeAnne Walters, ta nemi Farfesa Marc Edwards na Jami'ar Virginia Tech. Shi da ɗalibansa suka aika da kwalabe 300, mazauna garin da kansu suka bi gida gida suka ɗebo ruwa bisa ƙa'idar da aka koya musu, fiye da 250 suka koma ɗakin gwaji. Sakamakon ya nuna gubar dalma mai yawa. A watan Satumba na 2015 likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da alƙaluman da ke nuna ƙaruwar dalma a jinin yara, kuma a watan Oktoba aka mayar da garin kan ruwan birnin Detroit da yake sha a da.

Jami'ar da ke nesa da garin ba ta da hanyar shiga ɗaruruwan gidaje cikin 'yan makonni. Mazauna kuma ba su da na'urar awo, kuma an riga an ƙi saurarensu. Kowane ɓangare ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi. Daga baya dangantaka ta yi tsami tsakanin farfesan da wasu daga cikin masu fafutuka har magana ta kai kotu, wanda ke nuna cewa ko aikin da ya yi nasara yana buƙatar a ci gaba da kula da amana bayan an gama awo.

Ta yaya koyarwa ke shiga ciki?

Ta hanyar mayar da aikin al'umma wani sashe na darasi, mai maki, mai malami da ke sa ido. A Meziko tun 1936 aka fara tura ɗaliban likitanci ƙauyuka kafin a ba su shaidar kammalawa, yanzu kuma ana buƙatar ɗalibin jami'a ya yi hidimar jama'a ta aƙalla awa 480. Jami'ar Ibadan ta buɗe shirin lafiyar al'umma na Ibarapa a 1963, inda ɗaliban likitanci ke zama a karkara suna koyon abin da asibitin koyarwa ba zai nuna musu ba. A Ghana, Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a Tamale a 1992 ta raba shekarar karatu gida uku, ta ware zango na uku don ɗalibai daga fannoni daban daban su tare a ƙauyuka na makonni, su tattara bayanai tare da mutanen wurin, su tsara abin da za a yi. Makarantun koyon lauya a ƙasashe da dama suna da ofisoshin da ɗalibai ke taimaka wa marasa galihu da shawarar shari'a ƙarƙashin kulawar lauya.

Abin da ke mayar da fita filin aiki ya zama ilimi shi ne zaman da ake yi bayan an dawo. Malami ya zaunar da ɗalibai, su kwatanta abin da suka gani da abin da littafi ya ce, su bi diddigin inda suka saɓa. Idan ba a yi wannan ba, ɗalibi na iya dawowa da irin raini da zaton da ya tafi da su, har ma su ƙara ƙarfi.

Ɗaliban ba sa zama nauyi a kan mutanen da suka je taimaka wa?

Suna zama, sau da yawa. Ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata huɗu, idan aka turo mata ɗalibai ashirin da ba su san komai game da aikinta ba, za ta ɓata makonni tana koya musu, suna fara ganewa sai zango ya ƙare. Maganinsa shi ne ƙungiyar ta faɗi adadin da take iya ɗauka da irin aikin da take buƙata, a shirya ɗalibai kafin su fita, kuma kowane rukuni ya miƙa wa na bayansa cikakken bayanin inda ya tsaya. Ɗalibi kuma kada a bar shi ya yi wa talaka abin da doka ba ta yarda ya yi wa mai kuɗi ba, musamman a harkar lafiya.

An taɓa cutar da mutane da sunan bincike?

Ƙwarai kuwa, kuma duk mai shiga wannan aiki ya wajaba ya san tarihin, domin mutanen da zai je wajensu ba su manta ba. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka, tare da haɗin kan Kwalejin Tuskegee, ta bibiyi baƙaƙen fata 600, waɗanda 399 daga cikinsu ke ɗauke da ciwon tunjere. Ba a gaya musu ainihin ciwonsu ba, ba a kuma ba su magani ba ko bayan da allurar fenisilin ta wadata. Fallasa wannan ta'asa ce ta kai ga Rahoton Belmont na 1979, wanda ya kafa ƙa'idoji uku na bincike a kan mutane: mutunta ɗan adam, neman amfaninsa, da adalci.

Na kusa kusa kuma shi ne na ƙabilar Havasupai a jihar Arizona. A farkon shekarun 1990 suka ba masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona jininsu bisa fahimtar cewa za a binciki ciwon suga da ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen nazarin taɓin hankali, da auratayya tsakanin dangi, da asalin inda kakanninsu suka fito, abubuwan da ba su amince da su ba. A 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta kuma mayar musu da jinin. Abin lura a nan shi ne an sa hannu a takardar amincewa. Takardar tana da faɗin da ya wuce abin da aka bayyana wa mutanen da baki. Sa hannu a kan abin da ba a fahimta ba ba ya zama yarda.

To bayanan da aka tara, na waye?

Wannan a rubuta shi tun kafin a fara, kada a bari sai an zo rabuwa. 'Yan asalin Kanada sun tsara ƙa'idoji huɗu tun ƙarshen shekarun 1990: bayanan da aka tara a kansu mallakinsu ne, su ke da iko da yadda za a yi amfani da su, suna da damar ganinsu, kuma a hannunsu za a ajiye. Mutanen San na kudancin Afirka, waɗanda masu bincike suka shafe shekaru suna zirga zirga a cikinsu, sun fitar da nasu kundin ƙa'idojin a 2017, suna neman mutuntawa, gaskiya, adalci, kulawa, da bin hanyar neman izini da suka shimfiɗa. Idan kuma binciken ya shafi tsirrai ko ilimin gargajiya da za a iya samun riba da shi, Yarjejeniyar Nagoya ta ƙasa da ƙasa ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi a nemi izini tun farko kuma a raba amfani.

Mafi ƙarancin haƙƙi, wanda kuma aka fi tauyewa, shi ne a dawo a gaya wa mutane abin da aka gano, da harshensu, a wurin da suke taruwa, kafin a kai shi wani taron masana a wata ƙasa.

Ya ake yi da kuɗi?

Yawanci tallafin bincike yana shiga asusun jami'a ne, ta cire kasonta na gudanarwa, sauran ya bi ta hannun malami. Abokan aiki na al'umma su ne na ƙarshe da ake biya, wani lokaci bayan watanni, bayan sun ci bashi sun yi aikin. Gyaran a bayyane yake: a rubuta kasafin tare, kowa ya ga alƙaluman, a biya mutane ladan lokacinsu da iliminsu kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre, a kuma ba ƙungiya kasonta tun farko. Wanda ya bar sana'arsa ya yi wa masu bincike jagora ko tafinta, aiki ya yi.

Kusanci da mutane ba ya ɓata ingancin bincike?

Haɗarin yana nan. Malamin da ya shaƙu da wata ƙungiya zai ji nauyin faɗa mata cewa shirin da take alfahari da shi ba ya aiki, ko cewa masana'antar da take zargi ba ita ce sanadin ciwon ba. Shi ya sa ake amincewa tun farko cewa za a bayyana sakamako ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a rubuta hanyar awo kafin a ga alƙaluma, a kuma bar wasu masana na waje su duba. Al'umma tana da haƙƙin gyara kuskure da kare sirrin mutanenta. Ba ta da haƙƙin canza abin da awo ya nuna, haka ma jami'a, haka ma mai ba da tallafi.

A ɗaya gefen, nisa ma yana ɓata bincike. Tambayar da aka fassara ba daidai ba, ko aka yi ta a gaban wanda ake jin kunyarsa, amsar ƙarya take haifarwa, kuma babu lissafin da zai gyara ta.

Me ya sa malamai da yawa ke ja da baya?

Saboda ƙarin girma a jami'a ya dogara ne a kan maƙalolin da aka buga a mujallun masana. Gina amana da al'umma kan ci shekara kafin a tara ko bayani ɗaya, kuma abin da ya fi amfanar mutane, kamar rahoto ga ƙaramar hukuma ko shirin rediyo, ba a cika ƙirga shi ba. Ƙaramin malami da ya ba wannan aiki ƙarfinsa yana iya ganin sa'o'insa sun wuce shi.

Ana ɗan samun sauyi. Masanin harkar ilimi na Amurka Ernest Boyer ya yi kira a 1990 da a faɗaɗa abin da ake ɗauka aikin masani, ya haɗa da koyarwa da amfani da ilimi a aikace. A 2005 shugabannin jami'o'i daga ƙasashe daban daban suka haɗu a Talloires ta Faransa suka sa hannu kan sanarwar nauyin da ke kan jami'a ga jama'a. A Birtaniya, tsarin tantance binciken jami'o'i ya ware kashi 20 cikin 100 na maki ga tasirin bincike a wajen jami'a a 2014, ya ɗaga shi zuwa 25 a 2021. Duk da haka, muddin kwamitin ƙarin girma na kowace jami'a bai sauya ma'auninsa ba, sanarwa ba za ta kai ko'ina ba. A ganina nan ne gyaran ya fi gaggawa.

Wa ke magana da yawun al'umma?

Babu al'ummar da bakinta ɗaya. Wanda ya fi saurin zuwa taro yawanci shi ne mai hali, mai ilimi, mai lokaci. Mata, matasa, masu buƙata ta musamman, baƙi, da waɗanda talauci ya hana su barin aiki ko na awa ɗaya, su ne ake rasa muryarsu, alhali sau da yawa su matsalar ta fi ci. Neman izinin shugabanni wajibi ne, amma mafari ne kawai. Sai an yi zama daban daban, a lokutan da suka dace da kowane rukuni, sannan kwamitin da zai sa ido a kan aikin ya ƙunshi waɗanda abin ya shafa kai tsaye.

Ƙungiyarmu tana da matsalar da take son a bincika. Ta ina za mu fara?

Ku fara da rubuta matsalar a shafi ɗaya: me ke faruwa, tun yaushe, wa ya shafa, me kuka gwada, kuma me za ku yi da amsar idan kun samu. Wannan na ƙarshe shi ya fi jan hankalin malamin kirki. Sannan ku duba ko jami'ar tana da ofishin hulɗa da jama'a ko sashen faɗaɗa ilimi. Idan babu, ku nemi sashen da fanninsa ya dace, ku tuntuɓi malaman da ke duba kundin ɗaliban shekarar ƙarshe da masu digiri na biyu, domin kullum suna neman batutuwa masu ma'ana. A ƙasar Holan an mayar da wannan ya zama tsari tun shekarun 1970, inda jami'o'i irin su Utrecht da Amsterdam suka buɗe abin da suka kira shagunan kimiyya: ƙungiyar da ba ta da kuɗin biyan bincike, kuma ba riba take nema ba, ta kawo tambayarta, a haɗa ta da ɗalibi da malami.

Kada ku ji kunyar yin tambaya kafin ku amince. Wa ke ba da kuɗin? Yaushe za mu ga sakamako? Sunan wa zai fito a rahoto? Idan muka ga abin da ba mu yarda da shi ba, wa za mu kai wa ƙara? Ku nemi a rubuta amsoshin, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

Idan tallafi ya ƙare fa?

Tallafin bincike kan ɗauki shekara biyu zuwa biyar, matsalolin da ake bincike a kansu kuwa sun fi haka daɗewa. Don haka a tattauna ƙarshen tun ranar farko: wa zai riƙe kayan aiki, wa zai gyara su idan sun lalace, wa aka horar da zai ci gaba da awo, wace hukuma ce za ta karɓi aikin. Dangantakar da ta rataya a wuyan malami ɗaya takan mutu ranar da ya koma wata jami'a, shi ya sa ya fi kyau yarjejeniyar ta kasance da sashe ko tsangaya, a kuma ɗaura ta da wani darasi da ake koyarwa kowace shekara, yadda ɗalibai za su ci gaba da zuwa ko babu kuɗin waje. Idan kuma jami'a ta san ba za ta iya zama ba, ta faɗa tun farko, ta ambaci watan da za ta tafi, domin mutane su yanke shawarar ko aikin ya cancanci lokacinsu.